Ina tana ke shiga da rani, kuma me ya kashe wadda aka sa a bokiti?

Wata baiwar Allah daga unguwar Yelwa a Bauchi ta aiko da tambaya. Akwai ɗan lambu a bayan gidanta, alayyafo da tumatir da kuɓewa, ta kuma haƙa rami inda take zuba sharar kicin da kashin awakinta. Ta ce: "Da damina tana ta cika wurin, har wata safiyar in tarar da su a miƙe kan siminti sun bushe. Maƙwabciyata ta ce su ne ke cinye saiwar tumatir, in barbaɗa musu gishiri ko toka. Ni kuma na ga a waya ana yin taki da su, sai na tsinci wajen talatin na zuba a bokiti da ɓawon kayan miya. Ba a yi kwana uku ba suka mutu. Yanzu ruwa ya ɗauke, ko ɗaya ba na gani. Ina suka shiga, kuma me na yi ba daidai ba?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a lambun. Kafin komai, don Allah ki mayar da gishirin nan kicin.

Tana ba ta cin saiwa mai rai, ba ta ma da haƙorin da za ta ci da shi. Abincinta ruɓaɓɓen ganye ne da tsohon kashin dabba da matacciyar saiwa. Takan haɗiye su tare da ƙasa, sai wani ɗan ƙundu da ke cikinta, irin na kaza, ya niƙe su da ƙwayoyin rairayi. Idan kin tuge tumatirin da ya yi yaushi kika ga saiwar ta yi ƙulu-ƙulu kamar carbi, wannan aikin wata tsutsa ce da ido ba ya iya gani, masana na ce mata nematod. Idan kuma a gutsure kika same ta, ki nemi gara ko farar tsutsar nan mai lanƙwasa, dangin gwazarma. Ita tana ta zo cin abin da ya riga ya ruɓe ne, sai aka tarar da ita a wurin aka ɗora mata laifi. Gishiri zuƙe ruwan jikinta yake yi har ta mutu, sannan ya zauna a ƙasar ya hana shukarki shan ruwa. Asara biyu ke nan a rana ɗaya. Toka kuma in ta taɓa fatarta ƙona ta take yi.

Duk sauran tambayoyinki amsarsu na rataye ne a wuri ɗaya. Tana ba ta da huhu, da fatarta take numfashi, kuma iska ba ta ratsa fatar sai da danshi a kanta. Wannan yauƙin da ke sa mutane ƙyamarta, shi ne hancinta. Ranar da ya bushe, ranar ta shaƙe. In kika riƙe wannan, za ki gane dalilin kusan duk abin da take yi.

Ɗauki safiyar da kike tarar da su kan siminti. A watan Agusta, lokacin da ruwan Bauchi ke kai maƙura, ƙasa na ƙoshi har ramukan tana su cika, iskar da ke ciki ta ragu. Ba wai ruwa na kashe ta nan take ba ne, takan jure kwanaki a cikinsa muddin akwai iska a narke a ciki. Amma ruwan da ya kwanta a ƙasa mai ɗumi da ruɓaɓɓen abu, iskarsa ba ta daɗewa. Sai ta fito. Akwai kuma wani dalilin: daren da ko'ina ya jiƙe shi ne kaɗai damar da take da ita ta yi doguwar tafiya a sarari, ta sauya mazauni, ba tare da ta bushe a hanya ba. Ido ba ta da shi, amma fatarta na jin haske, musamman wajen kai, kuma gudunsa take yi. Wadda gari ya waye mata a kan ƙasa sai ta nutse. Wadda ya waye mata kan siminti ba ta da wurin shiga, kafin hantsi rana ta gama da ita. In kin fito da sassafe kin same su da sauran motsi, ki sa ɗan tsinke ki ɗauke su ki ajiye a gindin shuka, ki rufe da ganye. Ki kuma hana yara yanka su da sunan wai kowane rabi zai zama tana guda. Ba haka ba ne. Ɓangaren kai kan iya tsiro da sabuwar jela wani lokaci, jelar kuwa mutuwa take yi.

Da ruwa ya ɗauke kuwa, ba ƙarewa suka yi ba. Wani watan Fabrairu ina haƙa ramin dashen gwaiba a gefen fadama, na wuce busasshiyar ƙasar sama, na kai wajen zurfin kamu guda, sai wani dunƙulen laka ya fashe a hannuna. A tsakiyarsa akwai ɗan ɗaki da bai fi ƙwallon goriba ba, bangonsa sumul kamar an yi masa yaɓe, ga tana a ciki ta ƙulle kanta kamar zaren da aka naɗe a yatsa. Ta rame, ta yi fari, ba ta motsi. Na ɗiga mata ruwa a tafin hannu, can sai ta fara warwarewa a hankali. Haka suke yi. Sukan nutsa inda sauran sanyi yake, su amayar da abin da ke cikinsu, su shafe ɗakin da yauƙi, su kwanta sai ruwan farko. Da yawa ba sa kai labari, musamman a ƙasar jigawa da ba ta riƙe laima, amma kafin su mutu sun bar ƙwai, kuma ƙwan ya fi uwar jure fari. Kowace tana na ɗauke da halittar namiji da ta mace a jiki ɗaya, sai dai duk da haka biyu ke haɗuwa. Wannan kumburin mai kama da zobe da ke kusa da kai, shi ke fitar da kwanson ƙwan.

To, mu zo kan bokiti, domin nan ne na fi son ki tsaya.

Kuskuren farko ba naki ba ne ke kaɗai, kusan duk wanda ya ga abin a waya yakan faɗa cikinsa. Ba kowace tana ce ke yin takin bokiti ba. Akwai wadda rayuwarta duk a cikin ƙasa take, fara-fara ko ruwan toka, mai nawa, ƙasa take ci ta tace ɗan abincin da ke ciki. Ita ce fartanya ke tonowa a fangali, kuma ina kyautata zaton ita kika tsinta. In kika raba ta da ƙasa kika sa ta cikin ɓawon tumatir, kamar kin ɗauki kifi ne kin kai shi rumbu. Akwai mai haƙa rami mai zurfi, ta riƙa hawowa sama da dare. Sannan akwai ta uku, mai zama a sama-sama cikin juji da tsohon kashin shanu da ganyen da ya taru, jikinta ja mai duhu da ɗan sheƙi, mai zafin nama, in kika taɓa ta sai ta yi ta wutsil-wutsil. Wannan ita ce ma'aikaciyar taki. Wadda ake yawan nunawa a bidiyon Turai da Amurka sunanta na kimiyya Eisenia fetida, 'yar ƙasashen sanyi ce. Amma akwai tamu, Eudrilus eugeniae, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne, daga nan aka ɗauke ta aka kai Indiya da Filifin da sauran ƙasashe masu zafi ana sana'a da ita. Ta fi waccan girma, takan kai tsawon tafin hannu ko ta wuce, ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kamar mako biyu, 'ya'yan kuma su balaga cikin wata ɗaya da rabi. Abin na ba ni takaici in ga matasanmu na neman a aiko musu da tana daga waje alhali ga ta a bayan garke.

Kuskure na biyu shi ne ɗanyen ɓawo. Sharar kicin in ta taru ta fara ruɓewa, zafi take yi, ta yi tsami, ta tsatso ruwa. Bokitin roba ba shi da ƙofar da ruwan zai fita ko iska ta shiga. Tana ta fi walwala a zafin da ke tsakanin digiri 25 zuwa 30, in ya haura 35 mutuwa take fara yi. A ƙasa in wuri ya yi mata zafi sai ta matsa gaba. A bokiti ina za ta je?

Na san wannan da kaina, ba ji na yi ba. Shekarar da na fara kiwonsu na sa su a baƙin baho, na jingine shi jikin katangar yamma, a watan Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke tasar wa digiri 40. Na yi tafiyar kwana biyu. Da na dawo na ɗaga buhun da na rufe su da shi, wari ne ya fara tarbata. Wasu sun hau bakin bahon suna neman tsira sun bushe a nan kamar tsinken tsintsiya, sauran sun narke a ƙasan. Aikin wata huɗu ya tafi a yini biyu. Har yau in na tuna raina na ɓaci, domin halittu ne da na raba da mazauninsu na kuma kasa ba su inuwa.

Saboda haka shawarata gare ki, ki bar bokiti, ki koma kan ramin da kika riga kika haƙa. A ƙasarmu, inda ake wata shida zuwa bakwai ba ɗigon ruwa, rami ya fi kowane mazubi, domin ƙasa na da sanyinta, kuma tana na da hanyar gudu da hanyar dawowa. Ba kamo ta ne aikinki ba. Aikinki tanadin laima da inuwa da abinci. In waɗannan ukun suka haɗu, da ƙafarta za ta zo, irin da ya dace kuma shi zai zauna.

Ramin kada ya wuce zurfin gwiwa, kuma kada ya kasance inda ruwan indararo ke zuba ko inda ruwa ke kwanciya. Ki yi masa ɗan tudu a kewaye. Gindin mangwaro ko dogonyaro ya fi, in babu ki kafa 'yar rumfar zana. Kada ki yi masa daɓen siminti. In da hali ki haƙa na biyu a gefensa, saboda abin da zan faɗa yanzu.

Taki hawa biyu gare shi, kuma tana ba ta shiga sai a na biyu. A na farko wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke aiki, su ne ke sa juji ya yi zafi har cikinsa ya kai digiri 55 zuwa 65. Wannan zafin alheri ne, shi ke kashe irin ciyawar da ke cikin kashin awaki da yawancin ƙwayoyin cuta. Ki shimfiɗa busasshen abu a ƙasa, karan dawa da aka sassara, ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, busasshen ganye. Ki bi da ɗanye, ɓawon kayan miya da ciyawar da kika cire da kashin awaki. Ki yayyafa ruwa, ki sake maimaitawa, busasshen ya ɗan rinjayi ɗanyen. Ki soka sandar ƙarfe a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu ki zaro ki taɓa, za ki ji ta da zafi. Ki juya tarin bayan mako guda, ki sake juyawa bayan wani makon. Ranar da kika zaro sandar kika ji ta da sanyi, warin ya koma irin na ƙasar da ruwan farko ya taɓa, to an shiga hawa na biyu. Yawanci mako uku zuwa huɗu ne. Daga nan ki daina juyawa, ki daina zuba masa sabuwar shara mai yawa, ki koma cika rami na biyu. Na farko ya zama ɗakin tana.

Ma'aunin ruwa a hannunki yake. Ki damƙi takin ki matse. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito tsakanin yatsu, daidai ne. In ya tsiyaya ya yi yawa, ki ƙara busasshen ganye ko yagaggen kwali. In ya wargaje da kin buɗe hannu, ƙishi yake ji. Na san ruwa ba arha ba ne da rani, amma wannan ramin ba ya buƙatar sabon ruwa. Ruwan alwala da aka tara a baho, ruwan wankin shinkafa da na ganye, duk sun isa. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki da na wanke-wanke, saboda sabulu da mai da gishiri. Sannan ki rufe saman da jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsohuwar tabarmar kaba, ki ɗora ciyawa mai kauri. Iskar hunturu ta fi rana saurin busar da juji, kuma rufin nan ne ke sa bokitin ruwa ɗaya ya yi miki aikin uku.

In kina son ki gaggauta zuwansu, ki bari sai damina, ki je inda tsohon kashin shanu ya daɗe a inuwa, ko gindin ayaba inda ganye ya taru. Ki ɗaga saman da hannu. Jajayen da kika gani a nan cikin jujin, ba cikin ƙasa ba, su ne naki. Ki ɗebo su tare da jujin da suke ciki, domin akwai ƙwai a ciki. Ki guji na bakin kwata da makwararar ban-ɗaki.

Abincinsu ba wuya. Ragowar alayyafo, kabeji, ɓawon ayaba da kankana da gwanda, ganyen shayi, kwali, tsohon kashin awaki ko na shanu. In na gida bai isa ba, masu kayan gwari a kasuwar Muda Lawal kullum suna da ganyen da ya lalace. Ki daka ɓawon ƙwai ki barbaɗa jefi-jefi, yana rage tsami, yana kuma taimakon ƙundun nan nasu. Ragowar tuwo da miya ki bai wa kaji, domin akwai gishiri da mai, kuma shi ke jawo ɓera da jaɓa. Attaruhu da ɓawon lemo da albasa mai yawa ba sa so. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya kusance su sai ya wuce ta rami mai zafi, wannan warin mai hawa kai da yake yi kashe su yake. Kashin kare da na kyanwa da na mutum ba su da gurbi a takin da za a zuba wa ganyen da za a ci. A wuri mai kyau tana kan ci kusan rabin nauyinta a yini, saboda haka kaɗan-kaɗan ake ba su, a binne a gefe guda, sai ya kusa ƙarewa a ƙara.

Maƙiyansu a gida sanannu ne: kaji, ƙadangaru, kwaɗi, da uwa-uba kwarkwasa, wadda kan share rami a dare ɗaya. Kaji rufi mai nauyi ke hana su. Tururuwa in ta yi yawa alama ce wurin ya bushe. A nan ne toka ke da amfani, a zagaye ramin da ita daga waje, can nesa da bakin. Gara ma busasshen kara take bi, in da laima sosai ba ta cika damun ramin ba.

Wanda gidansa duk siminti ne ba wurin rami, ya nemi tsohuwar randa da ta tsage. Yadda take sanyaya ruwan sha ta hanyar tsatsafowa, haka za ta sanyaya musu ɗaki. A huda ƙasanta, a ɗora kan duwatsu a inuwa, a cika ta da takin da ya riga ya huce.

Bayan wata biyu zuwa uku za ki ga saman ramin ya koma baƙi, ɓarje-ɓarje kamar ganyen shayin da aka dafa, ba wari. Kashin tana ke nan. Irinsa ne kike gani da damina a gindin bishiya, 'yan tulin ƙasa a murɗe, wasu a tsaye kamar ƙananan hasumiyoyi, masu share tsakar gida na kwashewa su zubar ba su san taki ba ne. Wani masanin Ingila, Charles Darwin, ya shafe sama da shekara 40 yana lura da irin wannan tulin kafin ya fitar da littafi a kan tana a 1881, inda ya nuna cewa baƙar ƙasar saman gona ta sha ratsawa ta cikin wannan halitta. Wajen kwasa, ki tara takin tsibi-tsibi kan buhu a wuri mai haske amma ba cikin rana ba. Za su gudu ƙasa. Ki yaye saman, ki jira kaɗan, ki sake yayewa, har ya rage dunƙulen tana a ƙasa ki mayar da su rami. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, ba don tana ba, ita ba ta zama a cikin mutum, sai don kashin dabbar da ke ciki.

Gaskiyar da masu talla ba sa faɗa ita ce, wannan takin ba shi da ƙarfin na buhu. Sinadarin da ke sa ganye kore a cikinsa bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, alhali yuriya na da 46. Ba da shi za a noma kadadar masara ba. Amma yana yin abin da yuriya da kamfa ba sa yi: yana sa jigawa ta riƙe ruwa, yana sassauta laka, ba ya ƙona shuka, kuma a hankali yake sakin abincinsa. Ga lambu irin naki ya wadatar. Cikin hannu ɗaya a gindin kowane tumatir, a rufe da ƙasa kada rana ta busar da shi. Wajen renon iri kuwa, kashi ɗaya nasa, kashi huɗu ƙasa.

Su kansu fangullan ki lulluɓe su da ciyawa ko ɓawon gyaɗa, ki rage yawan kaftu, domin kowace fartanya na rusa ramukan da ruwa da saiwa ke bi. Ki yi nesa da garin maganin ƙwarin nan da ake barbaɗawa a ƙasa mai suna kabofuran, yana cikin mafi muni ga tana, ga kuma haɗarinsa ga kaji da yara.

Yanzu kaka ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Karan dawa da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi na nan birjik, nan gaba kaɗan bishiyoyi za su fara zubar da ganye, mutane su tara su cinna wuta. Ki tara naki a buhu. Ki cika rami na farko a wannan watan, ki bar shi ya yi zafinsa ya huce, ki riƙe laimarsa har ƙarshen bazara. Idan ruwa ya sauka a watan Mayu, ki bari a yi mako biyu, sannan ki ɗaga buhun da sassafe ki duba da kyau. Za ki ga wasu 'yan ƙwayoyi ruwan ƙasa masu ɗan tsini, ba su fi ƙwayar dawa ba, da wasu siraran abubuwa kamar farin zare suna motsi. Ƙwai ne da 'ya'ya. In kin zo tankaɗe taki da rariya, waɗannan ki tsince su ki mayar ramin.